Tabon da ya fito wa dutsen niƙan kakata

Shekarun baya, ina kolej a Dakoro, akwai wani dutsen niƙa a bayan ɗakin kakata. Kakar kakarta ce ta ɗauko shi bisa jaki daga kwarin Maraɗi, tun Nasara bai shigo ƙasar ba. Injin niƙa ya kashe masa aiki, amma kakata, da idonta ya tafi, kullum hantsi tana gefensa da carbi, hannu ɗaya a kansa.

Sai wani tabo toka-toka ya yaɗu a ɓangarensa na inuwa. Da rani a bushe yake, ruwa na taɓa shi ya yi kore. Lokacin yayata ta zo goyon ciki. Gwaggona ta ce dutsen da ke sake launi ba ya kwana gida ɗaya da mai ciki, a kai shi daji.

Kakata ta ce, "Ku jira in riga shi fita."

Na kankaro ɗan kaɗan na kai wa malaminmu na kimiyya. Ya yanka da reza, ya ɗiga ruwa, ya sa a madubin ƙara girma. Na ga fararen zaruruwa a cukurkuɗe kamar auduga, sun rungume wasu ƙananan ƙwallaye koraye. Ya ce zaren dangin naman kaza ne, shi ke kama dutse ya riƙe laima. Korayen dangin gansakuka ne, su ke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da zaren. A kan dutse tsirara, babu mai rayuwa shi kaɗai.

Na dawo ina ji da kaina, na zazzage bayani a tsakar gida.

Gwaggo ta ce, "To, ashe ma su biyu ne. Ni da ɗaya nake tsoro."

Kakata ta juyo inda muryata take. "Ƴar nan, faɗa suke?"

"A'a, Kaka, ciyar da juna suke."

"Kamar mu da Fulanin da ke sauka gonarmu bayan girbi ke nan. Su taki, mu kara. Wa ya taɓa korarsu?"

Mahaifina ya yanke: dutse ya zauna, yayata ta koma ɗakin gaba. Ta sauka lafiya.

Yanzu idan na tuna, ba na ganin na ci gardamar. Na dai ga ikon Allah a abin da bai kai ƙwayar gero ba. Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta bi ta gaban dutsen, ta bayan garken awaki take zagayawa.