Rami a Hanyar Madina

Duk wanda ya yi aiki da Hajiya Baraka, shugabar sashen makafi a wata makarantar yara masu buƙata ta musamman da ke Ƙofar Guga, ya san dokarta: ba a gusar da komai. Benci ne, randa ce, ko kwandon shara, inda ya wuni nan zai kwana. Malamai har laƙabi suka yi mata, Hajiya A-bar-shi-nan, ita kuwa ko a jikinta. Albarkacin wannan taurin kai ne yaranta kan ajiye sanda su sheƙa a guje a tsakar makaranta.

Madina ce ta fi ba ta wahala. Da aka kawo yarinyar, ba ta yarda ta saki bango. Hajiya ta daɗe tana zagayawa da ita, tana ce mata, "Ɗiyata, ƙasar nan ba ta canzawa." Sai a makon da abin nan ya faru ne Madina ta fara gudu.

Ranar Laraba aka kira Hajiya taro a ma'aikatar ilimi. Bayan fitarta wani Alhaji mai neman lada ya turo leburori su ja wa makarantar ruwan famfo, mataimakinta Malam Sammani kuma ya ji nauyin hana aikin alheri. Tana shigowa ƙofa ta hango rami mai zurfi ya ratsa filin, daidai inda yaran ke bi. Kafin ta buɗe baki aka kaɗa ƙararrawar fita tara.

Ta yar da jaka ta ruga tana ihu, "Kowa ya tsaya!" Yara suka ƙame. Madina kuwa tana can gaba, dariyarta ta hana ta ji. Hajiya ta dira cikin ramin, ta tare ta da ƙirji, ƙafar yarinyar guda na lilo a iska.

Madina ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta shafa bakin ramin, ta ce, "Hajiya, ba ke kika ce ba ta canzawa ba?"

Maganar ta yi wa Hajiya ciwo ƙwarai. A ranar ta sa aka cike ramin, aka daɓe shi sumul, Malam Sammani ya sha faɗan da bai taɓa sha ba.

Washegari Madina ta zo da sandarta. Har yau, in aka kaɗa ƙararrawa, Hajiya kan fito ta tsaya a bakin fili, ko yarinyar za ta sake ajiye sandar.