Rabin Waƙar Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara riƙe babbar waya, na saka wata manhaja mai gano waƙa. Ka kunna mata kiɗa ko ka ɗan rera mata, sai ta fito maka da sunan waƙar da na mai ita. Ai kuwa na ishi mutanen Yelwa. Ɗan kabu-kabu ba ya wuce shagon ɗinkina da kiɗa ban miƙa waya ba. A teburin mai shayi har aka fara kirana malamin waƙa, ni kuwa ina amsawa da fara'a, ban san zolaya ba ce.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar Gungawa ce. An haife ta a wani tsibiri da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi aka yi tafkin Kainji. Tana 'yar budurwa aka kwashe su, kowane gida da inda aka kai shi. Ni ne autanta, kuma tun ina ƙarami na san ta da wata waƙa ta Gunganci da take yi idan tana daka. Sai ta yi baiti ɗaya, ta yi shiru taɓarya na sauka, sannan ta ɗora na gaba. Duk a zatona tsufa ne ya cinye mata wasu wuraren.

Wata rana ina cika baki a tsakar gida cewa babu waƙar da ta gagari wayata, sai ta ce, "To, malam, tunda wayakka ta san komi, gano mini tawa."

Na gyara zama, na miƙa waya. Ta buɗe baki, waƙa ta ƙi fita, sai da aka zuba gero a turmi ta ɗauki taɓarya. Manhaja ta yi ta juyi, can ta kawo mini wata waƙar Indiya. Na sake gwadawa, ta ce ba a samu ba. Mahaifina yana kan tabarma yana gyaran raga, dariya har da tari. Kunya ta sa na juye laifin kan Inna.

"Inna, ke ce kike rikita ta da tsaye-tsayen nan. Ki cike wuraren da kika manta mana."

Ta jingine taɓarya ta dube ni. "Ban mance nawa ba, auta. Wurin nan ba nawa ba ne."

A ranar na ji labarin. Ashe waƙar lugude ce, irin dakan da mata biyu ke yi a turmi ɗaya, wannan ta sauke waccan ta ɗaga. Ita da ƙawarta suka ƙirƙire ta suna yara: Inna ta faɗi nata, ƙawar ta mayar mata. Ranar da aka tashe su, jirgin su Inna daban, na su ƙawar daban, kuma tun daga nan ko labarinta ba ta sake ji ba.

"Da ina jin amsatta cikin kaina," in ji ta. "Yanzu murya ɗai ta rage, kalmomin sun tahi. Na aza abin naka zai maido mini su."

Ni ina neman a yaba wa wayata, ita kuwa da gaske take roƙo.

Na sa ta sake yi, na naɗi muryarta har da ƙarar taɓarya da duk shirun. Ina da wani abokina direban jirgin ruwa mai inji, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Yelwa da ƙauyukan bakin tafki ta wajen Ngaski, kuma lasifikarsa ba ta hutawa. Na tura masa, na roƙe shi ya riƙa sakawa ko sau ɗaya a kowane sawu. Ya ce, "Fasinjana kiɗa suka so, ba daka ba. In sunka jefa ni ruwa, kai ne." Amma ya riƙa sakawa. Sati ya wuce, na biyu, na uku, abin da muka samu kawai shi ne an raɗa wa jirginsa suna Jirgin Daka. Na daina ma tayar da zancen a gaban Inna.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina tsaka da auna wani mutum, sai ga kiransa. "Yi shuru ka saurara," ya ce. Na ji ya kashe inji. Muryar Inna ta tashi daga lasifika, ta kai wurin da take tsayawa, sai wata tsohuwar murya ta shigo daidai gurbin, ana buga gefen jirgi da tafin hannu. Inna ta ɗora, muryar ta sake amsawa.

Na bar mutumin nan tsaye da tef ɗin awo a wuya, na haye kabu-kabu. Ina shiga gida na ce wa abokina ya sake sakawa, na kara wa Inna wayar a kunne. Ta saurara, ta zauna a kan turmi, sai dariya da hawaye suka zo mata tare. "Ja'ira!" ta ce. "Har yau ba ta bar tonona ba!"

Tsohuwar, wato ƙawar Inna, ta taho sayar da busasshen kifi ne, amma ranar ba ta ga kasuwa ba, abokina ya kawo ta gidanmu kai tsaye. Shekara hamsin da ɗoriya suna shan ruwa ɗaya, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan. Ko gaisuwa ba su gama ba aka jawo turmi. Taɓarya ta yi musu nauyi, suna yi suna haki, kowacce na cewa ɗayar ce ke saurin shigowa.

Gungancina bai taka kara ya karya ba, don haka na tambayi baƙuwar abin da take cewa a nata rabin. Ta ce tsiya take yi wa Inna kan wani saurayi mai jirgi mai yoyo, wanda ke wucewa ta mashayarsu sau biyar a wuni ba ko kifi ɗaya. Mahaifina bai ɗago kai daga ragarsa ba ya ce, "Jirgin nan bai yoyo. Kuma sau ukku ne." Har maƙwabta sai da suka leƙo jin dariyarmu.

Da yake mai hali ba ya fasa halinsa, na sake miƙa wa manhajar cikakkiyar waƙar. Ta yi juyinta ta ce ba a samu ba. Inna ta ce, "Ina za ta same ta? Mu biyu ɗai munka aje ta."

Tun daga lokacin, idan babba yana magana ya yi shiru, ba na saurin cewa ya manta. Manhajar tana nan a wayata, ina amfani da ita jefi-jefi, sai dai na daina amsa sunan malamin waƙa. Duk Juma'a da safe kuwa wayar ba tawa ba ce. Inna kan sa in kira mata ƙawarta, ta ajiye wayar a gindin turmi, ta yi baitinta, ta yi shiru, amsa ta taho daga ƙetaren ruwa.