Rigar da Na Ɗinka wa Batir

A daminar farko ta aurenmu, a gidan hayarmu na bayan kasuwar Birnin Gwari, akwai wani abu a kan taga da nake kallo fiye da madubi. Batir ne mai kusurwa huɗu, bai fi girman sabulun wanki biyu ba, gefensa ɗaya duk ƙananan huji kamar rariya. Maigidana malamin kimiyya ne a sakandare, yana ƙaro karatu a Zariya, kuma da hannunsa ya haɗa shi. Shekara guda ya yi a kansa. In ya lalace, sai dai ya koma farko.

Na taɓa tambayarsa me ke ciki. Ya ce batir biyu ne a jiki ɗaya, dukansu da zinki suke aiki, ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi. Na farkon yana da ƙarfi amma yana saurin gajiya, sai na biyun ya karɓa ya ja a hankali. Ya ci gaba da bayani, ni kuwa na tafi kallon yadda girarsa ke ɗagawa in yana maganar abin da yake so. Rabin bayanin ya wuce ni.

Da zai tafi Zariya ya bar min amanarsa: in yi masa caji da farantin sola da safe, in jona shi da rediyo da hantsi, in lura da lokacin da zai yi shiru. Kullum sai dab da magariba yake yin shiru.

Ranar nan hadari ya taso daga wajen daji, feshi ya riƙa shigowa ta taga. Tausayin batir ya kama ni. A littattafan da na taso ina karantawa, mace ba ta barin kayan masoyinta a wulaƙance. Na yanko ragowar ledar tebur mai kauri, na ɗinka masa riga cif da jikinsa, na bi bakin da leshi, har fure na yi masa.

Washegari rediyo ya ɗauke kafin azahar, ana tsakiyar gaishe-gaishe. Rana ta gaba ma haka. Na kasa cin abinci.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Gayam mai sayar da doya, ta leƙo ta same ni na tasa batirin gaba.

"Amarya, ki shanya shi a rana, haka muke wa na tocila. In ya ƙi, ki cije shi."

"Mama, wannan da wane haƙorin?"

"To ki yi masa kuka, tunda kin fara."

Maigidana ya ƙara kwana biyu a Zariya yana jiran motocin da za su keto daji tare. Ya iso da la'asar, ko ruwa ban bari ya sha ba na ce, "Malam, na kashe maka shi."

Ya ɗaga batirin, ya juya furen. Sannan ya zare rigar a hankali, ya jona rediyo ba tare da caji ba. Muka tsaya. Can sai ƙaramar murya ta fara fitowa, ana faɗin farashin masara.

"Na biyun iska yake sha ta hujin nan," in ji shi. "Hanci kika toshe masa, Amarya. Bai mutu ba."

Na zauna a ƙasa. Na kara bayan hannuna a jikin hujin ko zan ji numfashin, ban ji komai ba.

"To iskar da ya sha, ina take zuwa?"

"Tana haɗuwa da zinkin ta zauna. In kin yi masa caji da safe, sai ya mayar da ita."

"Cikin ɗakin nan?"

"Cikin ɗakin nan."

Na ce ya sake min bayanin tun daga farko. Ya jawo kujera, ni kuma na juya wa girar nan tasa baya don in ji da kyau.