Trimbakrao, Wanda Ya Haye Teku

Duk ƙasar Ambarwadi babu ƙofar da aka taɓa rufe wa Trimbakrao Pendse, in ban da ta ɗakin uwarsa. Yana saurayi ya shiga jirgin ruwa zuwa Landan karatun lauya. A wurin danginsa kuwa, duk wanda ya haye teku ya ƙazantu: ba a ci da shi, ba a taɓa shi, sai ya je bakin kogi malaman haikali sun aske masa gashin baki, ya kurɓi abin da suka dama da fitsarin saniya.

"Laifina mene ne, karatu?" in ji shi. Ya ƙi fir. Taurin kai kam, ba wanda ya kama ƙafarsa.

Raja, sarkin ƙasar, ya naɗa shi Diwan, wazirin ƙasa ke nan. Ya gina madatsar ruwa, ya hana a daki manomi a kan haraji, har Baturen da aka ajiye a kan wuyan Raja sai da ya sha jinin jikinsa. Amma kullum da tsakar rana yakan tuɓe takalmi ya zauna a baranda, uwarsa Yamunabai ta shimfiɗa ganyen ayaba, ta sako masa shinkafa daga nesa don kada hannunta ya shafe shi.

"Ci, ranka ya daɗe," takan ce. "Mutum da ƙasa guda a hannu, wuya kamar na zalɓe!"

"Ayi," yakan ce, don haka suke kiran uwa a can, "ki dafa kaina sau ɗaya mana. Wa zai gani?"

"Ni zan gani." Sai ta juya ta goge ido da bakin sari, dogon zanen da take yafawa.

Abin yana cin su duka biyun, amma ba wanda ya sauko, har furfura ta rufe shi.

Wata safiya ƙanensa Vaman ya same shi a fada.

"Dada," ya ce, don haka yake kiran yayansa, "Ayi ta daina karɓar ruwa. In kana son riƙe hannunta, ka san hanya."

Ko gida bai biya ba, ya nufi kogi. Malaman nan, da suka ga Diwan durƙushe a gabansu, suka ja abin son ransu, ba addu'ar da suka tsallake. Mutanen gari suka yi cincirindo suna kallo. Aka aske shi, ya rufe ido ya haɗiye, ya taso da jiƙaƙƙen zane yana gudu, tsoho da shi.

Daga bakin lungu ya jiyo kukan mata. Vaman na tsaye a ƙofa.

"Tun da hantsi take kiranka, Dada. Ta ce a shigo da kai yadda kake, ita ta yafe wankan. Mun aika kogi, malamai suka ce ba a katse addu'a."

Trimbakrao ya shiga, ba wanda ya matsa don gudunsa. Ya durƙusa, ya ɗauki hannunta ya aza a kansa. Yana saki, hannun ya zame, sai ya sake ɗauka ya riƙe shi a wurin.