Alhaji Ɗanlami, abokin rabon shinkafata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tashi daga kan sallaya ba yau da safe ƙaninsa ya kira ni daga Rogo, wai Alhaji Ɗanlami mai yadi ya rasu.

A layin masu ciwon suga muka haɗu a asibitin Karaye, shekara shida ke nan. Ina ta mita, shi yana ta dariya.

Waɗanda suka san ni sun san aikina. Ni dagacinmu na Yammedi yake turawa in wakilce shi a ɗaurin aure da suna da walima. Kuma yanzu ko'ina ka je soyayyar shinkafa ce a robar tekawe, mai sai ƙyalli yake. Ka ce ba ka ci, a ce ka raina mai gida. Ka cinye, ka wuni kana zaryar fitsari, ido na ganin dishi-dishi.

Alhaji ne ya samo mana mafita. Duk taron da muka haɗu, roba ɗaya muke buɗewa. Ya sa cokali ya tsaga ta biyu. Kabeji da nama su ne farko, shinkafa daga baya. Lemo kuwa ko kallo, sai ruwa. Mai gida ya ga mun ci, shi ke nan an fita kunya.

Babur ɗinsa kuma da gangan yake ajiye shi can nesa, don dole mu taka bayan mun ci. Na sha zaginsa a raina kan wannan.

Asabar ɗin nan aka yi walima a Fulatan. Alhaji ya makara. Kafin ya iso na tashi da roba guda, na kora da lemo mai sanyi.

Ya zauna ya ce, “Malam Habu, ka ci?”

Na ce rabi.

Ya kalli maiƙon da ke gemuna. Kallon ne ya ba ni haushi. Na ce, “Alhaji, wallahi na gaji. Mutum da furfurarsa ana auna masa abinci kamar jariri.”

Ya ce, “Ni ma na gaji. To amma gyambon ƙafar nan taka fa? So kake su yanke? Gobe da safe ka gwada suganka ka faɗa min.”

Na gwada. Ya hau sosai. Kunya ta hana ni faɗa masa. Sau biyu yana kirana ina kallon wayar.

Shi da ya kiyaye ya tafi, ni mai satar ci ga ni zaune. Ɗazu har zuciya ta ce min to mene ne amfanin wahalar? Astagfirullah. Kwana ne ya ƙare. Amma da ƙafafunsa biyu ya tafi, ni kuwa likita ya riga ya ja min kunne a kan tawa.

Alhaji, ƙarya na yi maka. Duka na cinye. Ga shi na faɗa a gaban kowa.

Allah Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki. Wanda kuma ya gan ni a taro da roba cike a gabana, kada ya ji nauyina, ya zo mu raba.