Muryar Fanta a Motar Baba Abdulhafiz

Shekara talatin Baba Abdulhafiz yana ɗaukar fasinja a Tashar Jirgin Ƙasa. Duk wayar da ta tsinke a motarsa, da haƙori yake ɓare ta ya murɗe.

Da matarsa Fanta ta rasu, muryarta ta rage masa a 'yar na'urar MP3, tana rera waƙoƙin Kanuri. Kunnensa ya yi nauyi, ya so ya ji ta a sifikar mota. Ya haɗa na'urar da rediyon motar da kansa, ashe wayar batir ya kamo. Ƙauri ya tashi.

Onyedika, mai gyaran wayoyin mota a Sabon Gari, ya buɗe na'urar. "Baba, ta ƙone ƙurmus."

"Sake dubawa, ɗana."

Onyedika ya sake dubawa, sannan ya miƙa masa ita da hannu biyu.