Fatu da Maraƙin Saye

A rugagen da ke kewaye da Tsamaye, idan aka ce Fatu mai nono, babu wanda zai tambaya wace ce. Ubanta makiyayi ne da ya gaji da yawo ya kafa bukka, ya share gona yana shuka gero, shanunsa na kwana a gefen ta. A nan Fatu ta tashi, ta iya tatsa tun ƙwarya na fin ƙarfin hannunta. Da ta yi aure gidan Usmanu, wanda shi ma noma da kiwo ne sana'arsa, sai ta ci gaba da abin da ta sani. Ta yi tatsa da safe, ta kaɗa ta cire mai, ta ɗora ƙwarya a ka ta shiga gari. Matan gidaje sun san kindirmonta ba ya da gauraye, sun kuma san ba ta da yawan magana, sai dai idan hira ta zo kan shanu. Kowace saniya a garkensu tana da suna, kuma Fatu ta san uwar kowace da kakarta.

Shekarar da 'yan bindiga suka fara matsa wa yankin, an kore yawancin garken da rana tsaka a bakin fadama. Abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba. Usmanu ya ga in ya bar su nan su ma tafiya za su yi, sai ya yanke shawarar sayar da tsohuwar cikinsu, wata baƙar saniya mai farin goshi da ake kira Wule, jikar saniyar da Fatu ta zo da ita daga gidan ubanta. Ranar kasuwa ya kora ta zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Fatu ta bi shi da tallan nononta, don hanyar ɗaya ce.

Abin da ta gani a wurin lodi ne ya sauya mata rayuwa. Masu saye sun cika tirela da shanun da za a kai Kudu, suka zo kan Wule. Ta ƙi hawa. Wani ya murɗe mata wutsiya, wani ya zuba mata sanda a hanci, aka ja ta da igiya daga sama. Ƙafarta ta baya ta zame tsakanin katako da ƙarfe, Fatu ta ji ƙarar karyewar daga inda take tsaye. Masu tirela suka ce ba su ɗaukar karyayya. Aka jawo ta gefe aka yar a rana, mahauta suka kewaye ta suna ja da dillali kan farashi. Tun hantsi har bayan la'asar tana kwance, ƙudaje na cin idonta, babu wanda ya ba ta ruwa. Fatu ce ta juye sauran nononta a ƙasa, ta ɗebo ruwa a ƙwaryar ta kai mata baki. Saniyar ta gane ta, ta yi ƙoƙarin tashi, ta kasa.

Da suka dawo gida Usmanu ya miƙa mata ƙullin nama a leda, wai mahaucin da ya sayi Wule ne ya yi masa ihsani. Ta karɓa, ta dafa, ta zuba wa kowa, ita ta ci tuwonta gaya.

"Mi ya hana ki cin nama?" in ji Usmanu.

"Ba ni iyawa, Malam."

"Yau dai ko?"

"Ban sani ba."

Ba ta sake ci ba. Da farko na shanu ta bari, daga baya ta ga akuya ma kuka take yi in an kayar da ita, kaza ma haka, sai ta bar su duka. Mata suka yi ta surutu, wasu su ce iska ce ta taɓa ta, wasu su ce tana so ta fi kowa tausayi. Da Babbar Salla ta zo ta ƙi taɓa naman layya, Usmanu ya ji tsoron kada ta shiga saɓo, ya kai ta wurin Malam Attahiru, limamin ƙauyen. Malam ya saurare ta har ta gama.

"Kina cewa haramun ne?"

"Allah gafarta Malam, wa ni in haramta abin da Allah Ya halatta? Maƙogwarona ne ba ya karɓa."

"To ku ƙyale ta," Malam ya ce wa Usmanu. "Ba a tilasta wa mutum cin abin da ransa ya ƙi. Amma ke kuma kada ki aibata mai ci."

Ba ta taɓa aibata kowa ba. Tana dafa wa gidanta nama in an samu. Ita kuwa fura da nono da man shanu sun ishe ta, kuma hankalinta kwance yake a kan haka. A ganinta nono kyauta ce saniya ke bayarwa tana raye, babu wuƙa a ciki, babu jini.

Sai aka kashe Usmanu. Yana gona yana girbin dawa aka harbe shi tare da wasu manoma, saboda ƙauyen ya ƙi biyan abin da 'yan bindiga suka ɗora masa. Bayan kwanakin zaman makoki mutane suka watse. Fatu ta kwashi abin da za ta iya ɗauka ta nufi Sabon Birni, gidan ƙanenta Lawwali a bakin gari. Tare da ita akwai autarta Halima, wadda nata mijin aka tafi da shi daji ba a sake jin labarinsa ba, da jaririyar Halima mai suna Rahmatu, da saniya ɗaya tak, Saye, mai tsohon ciki.

A Sabon Birni babu kiwo. Duk wanda ya kora dabba ya wuce bayan gari kaɗan, ya san da ransa yake wasa. Saye ta zauna a turke, tana cin karan da Fatu ke tsinta da ɗan dusar da Lawwali ke samowa. Ta haifi maraƙi ja, ƙafafunsa kamar sillen kara. A daidai lokacin ne nonon Halima ya ƙafe, don tun da aka ɗauke mijinta ba ta cin abinci. Rahmatu ta rame har kukanta ba ya fita.

Nonon Saye bai isa baki biyu ba. Fatu ta san haka tun ranar farko. Kowace safiya sai ta saki maraƙin ya kama hantsa har nono ya sauko, sannan ta janye shi ta ɗaure a gaban uwar, ta tatse. Yana ja da igiya yana kuka, uwar na lasar kansa. Wannan aikin ta yi shi duk rayuwarta, amma a da akwai ciyawa, akan bar wa maraƙi abin da zai ƙoshi. Yanzu abin da take bar masa ba ya jiƙa masa maƙogwaro. Ta gwada ba shi ruwan dusa, ya yi ta zawo. Wata safiya ta same shi kwance a miƙe, ya sandare.

Saye ta ɗauke nononta. Fatu ta matsa, ta shafa, ta kira sunanta, ko ɗigo. Rahmatu kuwa tana ciki tana suma don yunwa. Lawwali ya feɗe maraƙin, ya shanya fatar, ya cusa mata ciyawa ya ɗinke, ya kafa ta a kan sanduna a gaban saniyar. Tsohuwar dabarar makiyaya ce, Fatu ta sha gani tun tana yarinya. Saye ta sunsuna, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta fara lasa. Nono ya sauko. Fatu ta durƙusa ta tatsa, goshinta a jikin cikin saniyar, hawaye na bin fuskarta.

Da Halima ta dama fura ta zuba mata ɗan nono a kai, Fatu ta tura ƙwaryar gefe.

"Dama min da ruwa."

"Inna, shi ma kin bari ke nan?"

"Na bari."

"Nama kin bari, mun yi shiru. In kika bar nono mi za ki ci? Kuma ai ke ke tatsa. Ko kin sha ko ba ki sha ba, an riga an tatse."

"Za ni ci gaba da tatsa don yarinyar ga," Fatu ta ce. "Ita ba ta da zaɓi. Ni ina da shi. Da nake cewa nono ba jini a cikinsa, ban duba da kyau ba."

Lawwali ya fi Halima fushi. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana faɗa, ya ce a garin da mutane ke mutuwa kullum ba a san ma adadinsu ba, ita maraƙi take yi wa takaba.

"Adda, mijinki aka kashe, ba ki daina cin dawa ba, alhali a gonar dawa ya faɗi."

"Shi ba da hannuna ba ne, Lawwali. Wanga kuwa ni na janye shi daga nonon uwarsa kullum har ya mutu."

Lawwali ya juya ya fita.

Daga nan abincinta ya koma tuwo da miyar kuka babu mai, sai wake in an samu, da ƙuli-ƙuli da zogale. A gidan da abinci ya wadata da wannan ya riƙe ta, amma gidan Lawwali baki ya yi yawa, wake kuma sai a yi mako ba a gan shi ba. Jiri ya fara ɗibarta. Halima ta kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta ja fatar idonta ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, ta ci hanta da ƙwai, ta sha madara. Fatu ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini ta yi godiya. A hanya Halima ta roƙe ta ko ƙwai ne ta ci. Fatu ta ce in kaza ta yi ƙwai ta watsar ba ta kwanta a kai ba, za ta ci. Ta ci na ɗan lokaci. Nono kam ba ta koma ba.

Rahmatu ta rayu, ta fara cin kunu, aka daina tatsar Saye. Da damina ta zagayo Lawwali ya kai saniyar wurin bijimin wani maƙwabci, ta sake haihuwa, namiji kuma. Wannan karon Fatu ta hana kowa taɓa hantsar. Maraƙin ya sha ya ƙoshi, ya yi ƙiba, yana tsalle a tsakar gida yana ture tukwane. A watannin nan ne kawai aka riƙa jin dariyarta a gidan.

Amma namiji ba ya ba da nono, kuma gidan babu hatsi. Lawwali ya zo mata da maganar sayar da shi, kansa a sunkuye. Ba ta yi musu ba, don ta ga rumbun da idonta. Ta roƙi abu ɗaya, kada a sa shi a mota. Lawwali ya ja shi da ƙafa zuwa wurin wani mai kiwon turke a cikin gari. Saye ta yi kwanaki tana kuka har muryarta ta dushe, Fatu na zaune kusa da ita a inuwar zana tana kore mata ƙuda.

Zazzaɓin ƙarshen damina ne ya kwantar da Fatu, jikin da ba shi da jini kuwa bai yi wani dogon ja ba. Aka binne ta a maƙabartar bayan gari, da sauri, don an ce an ga baburan 'yan bindiga a hanyar Kurawa. Lawwali ya sayar da Saye kafin watan ya fita, ya ba Halima rabonta. Ita kuma ta goya Rahmatu ta hau motar garin Isa, inda dangin mijinta suka ce za su riƙe yarinyar.